Jifan Ƙarshe a Gurbin Tazrut

Bassu ya sake ɗaga sandar gorarsa, zaren ya yi lanƙwasa a iska, ƙugiyar ta faɗa can ƙarƙashin dutse ta nutse. Ruwan ya kai masa ƙugu. Dusar ƙanƙarar duwatsun Atlas ta narke, kogin ya cika ya yi sanyi har yana cizon ƙashi.

Tun da wata ƙungiyar attajirai daga Kasablanka ta karɓi hayar wannan ɓangare na kogin, aka zagaye shi da waya, aka sa wa tsohuwar gadar katako kwaɗo. Dokarsu ɗaya ce: ba mai taka ruwan sai da sandar gora da ƙugiyar da aka yi wa siffar ƙuda da gashin tsuntsu. Ba taru, ba kwalekwale, ba dogon ƙarfen da zai tono ƙasa ya firgita manyan kifin tirawut. Bassu ya zo bakin ƙofa da mazan ƙauye da igiyoyi, aka kore su. Washegari ya dawo shi kaɗai, riƙe da sandar da ya gada daga mahaifinsa.

Haddu mai gadi, wanda suka yi kiwon tumaki tare suna yara, ya buɗe masa ƙofa bai kalli fuskarsa ba. Ya ce, "Da zarar wani ya kai ƙara, zan fitar da kai. Ina da bakunan da nake ciyarwa a gida."

Mai ƙarar bai yi wuyar samuwa ba. Si Abdelhak, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya tsaya a gaɓa yana shan shayin na'a-na'a yana kallo.

"Kai baba, wa ya koya maka jifa? Ƙuda a saman ruwa yake yawo. Naka kuwa ka ɗaure masa darma, yana nutsewa kamar guduma."

Kifaye na tsalle a damansa, Bassu bai waiwaye su ba. Ya ci gaba da jifa a gindin duwatsu da saiwoyin da ruwa ya ci, yana jan zaren a hankali ta ƙasa. A tsallaken kogi, bayan waya, matan ƙauye sun jeru a tsaye.

Can zaren ya miƙe, gorar ta rusuna. Wani ƙaton kifi mai ɗigon ja ya fasa ruwa, irin wanda Si Abdelhak ya shafe shekaru yana mafarkinsa. Bassu ya fizgo shi da ƙarfi, ya zare ƙugiyar, ya wurga shi gefe kamar tsumma.

Si Abdelhak ya ajiye kofi. "Wannan wulaƙanta kogi ne. Mai gadi, fitar mini da shi."

Haddu ya sauko bakin ruwa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ɗan'uwa, ka rufa mini asiri. Fito."

"Jifa ɗaya, Haddu. Ko shi ma sai na nemi izinin Kasablanka?"

Bai jira amsa ba. Ya matsa har ruwan ya kai masa ƙirji, ya aika ƙugiyar cikin duhun gurbin, inda kogi ke juyawa yana tara duk abin da ya kwaso. Ya ja. Zaren ya tsaya cak.

Wannan karon gorar ba ta yi rawa ba. Nauyi ne kawai, mai biyowa sannu a hankali. Bassu ya saki sandar mahaifinsa ruwa ya tafi da ita, ya kama zaren da hannu biyu yana ja, leɓɓansa na motsi da salati. Matan tsallake suka fara zama a ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Si Abdelhak ya miƙa wuya, kwaɗayi ya kore masa fushi. "Wane irin kifi ne wannan da ba ya kokawa?"

Haddu ya tuɓe takalmansa ya shiga ruwan don ya kama wa abokinsa. Bai juyo ba ya ce, "Gawar Ittu ce, ranka ya daɗe, matarsa. Tun da kuka rufe gada, ta cikin ruwa matanmu ke tsallakowa da itace a bayansu."