Jirgin da Ake Kira Sai Na Dawo

Tunda suna kake nema wa sabon jirginka, zauna ka ji wannan tukuna. A wani gari na bakin tafki, masunta ba sa tura sabon jirgi ruwa sai an raɗa masa suna, an rubuta a gefensa. Wannan ya sa "Allah Kiyaye", wancan "Rabo Na Gaba", mai barkwanci ya sa "Kifi Ka Shirya". To, wani masunci ya sa aka sassaƙa masa jirgi, ya ɗinka buhuna ya ɗaura masa a gora don iska ta riƙa tura shi, ya sa aka rubuta "Sai Na Dawo", domin abin da yake faɗa wa matarsa ke nan kullum in zai fita. Tsohon da ya sassaƙa jirgin ya gani, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, abin da ke jikin jirgi, jirgin ne ke faɗinsa, ba kai ba. Goge 'na', ka sa 'mun'." Masunci ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yaushe itace ya yi baki.

Ana tsakiyar damina ya fita da safe, hadari ya haɗo da azahar, ba a gan shi ba. Washegari da hantsi mata masu wanki suka hango jirgin yana tahowa, alhali ko ganye ba ya motsi, buhunan nan sun saki. Ya zo a hankali ya tsaya daidai turken da ake ɗaure shi. Komar kamun kifi a naɗe, sandar tuƙi a ajiye, babu kowa a ciki. Matar ta shiga ruwa har ƙugu tana kiran mijinta, jirgin yana ta gogar turke. Ƙanin mutumin ya ce tsautsayi ne kawai, ya gaji jirgin, ya fita da shi ranar kasuwa. Jirgi ya sake dawowa shi kaɗai. Daga nan aka ja shi tsakiyar tafki aka sake shi, ko ruwa zai tafi da shi. Kafin masu jansa su iso gaɓa, yana nan a turkensa. Jirgin bai taɓa saɓa abin da aka sa shi ya faɗa ba, masu shi ne ba a ambata a ciki ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, suna linzami ne.