Rijiyar da aka haƙa a kan burtali

Malam Tanimu, ka ce ka tura ɗanka jami'a ya koyi aikin injiniyan ruwa, sai ga shi ana zaunar da shi ajin tarihi da adabi da harsuna, kana ganin ɓata lokaci ne, za ka mayar da shi inda ake koyar da aikin inji zalla. Ɗanka ne, ba zan hana ka ba. Amma na girme ka, saboda haka saurari wani misali kafin ka yanke.

Wani mutum ne ya kai ɗansa wurin wani tsohon mahaƙin rijiya don ya koyi sana'a. Tsohon ya karɓe shi, sai dai bai yi saurin damƙa masa diga ba. In sun haƙa da safe, da yamma sai ya ja shi ƙauyuka, su zauna gaban dattawa suna jin yadda aka kafa gari, su wa suka fara sauka, ina kufai yake, ina aka binne mutanen da. Yakan tsayar da shi ya saurari waƙar da mata ke yi a bakin turmi, in sun bi ta ruga kuma ya sa shi gaida Fulani da harshensu, suna yi masa dariya suna gyara masa. Da uban ya zo duba shi, ya kama tafin hannunsa ya ji ko kanta bai yi ba, sai ransa ya ɓaci, ya ce haƙa ya kawo shi ya koya, ba hira ba. Tsohon bai yi musu ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Rijiya a cikin mutane ake haƙa ta, ba a ƙasa kaɗai ba." Uban ya ɗauka zancen tsufa ne, ya ɗauke ɗansa ya kai shi wurin wani mahaƙin da ba ya wasa da lokaci. Can kuwa yaron ya ƙware. Ya san marmara, ya san yumɓu, in ya damƙi ƙasa ya shinshina zai faɗa maka nisan ruwa, ba a taɓa jin rijiyarsa ta rufta ba.

Bayan ya zama magidanci, sai mutanen wani sabon ƙauye suka kira shi. Baƙi ne a wurin, fari ya koro su daga arewa, matansu kuma kullum sai sun yi tafiya mai nisa kafin su samo tulu guda. Ya zaga, ya ga wani kwari a bayan gari inda ɓaure ke tsaye kore shar da tsakar rani, ya ce a nan ruwa yake. Ranar da ya fara sara, wata tsohuwar Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono ta tsaya a kansa, ta daɗe tana magana da Fulatanci tana nuni da hannu. Bai fahimci ko kalma guda ba. Ya zaci tallan nono take, ya ce mata ya ƙoshi, ya ci gaba da aikinsa. Ruwa ya fito, garai-garai, mai daɗi. Aka yi murna, aka yanka akuya, mutanen gari suka kewaye rijiyar da lambuna, suka yi shinge da ƙaya. Ashe kwarin nan tsohon burtali ne, hanyar da shanu ke bi tun kaka da kakanni, ciyawa ce kawai ta rufe sawun. Da lokacin saukowar makiyaya ya yi, suka tarar an toshe musu hanya, ga shanu da ƙishirwa, ga ruwa a bayan shinge. Magana ta zama sanda, sanda ta zama wuta. Rumbuna suka ƙone, aka rasa rai ta kowane ɓangare. Da aka je gaban alƙali, aka kawo tsohuwar nan shaida, tafinta ya fassara abin da ta faɗa wa mahaƙin ran nan: "Ɗana, matsa gabas kaɗan, bayan tsamiyar can. Nan hanyar shanu ce, can kuma kowa zai sha." Aka yanke a cike rijiyar, domin kowane ɓangare ya rantse ba zai sha ruwan da aka zubar da jini a kansa ba. Shi da ya haƙa ta, shi aka sa ya mayar da ƙasar da hannunsa, matan garin na wucewa ta gefensa da tuluna, sun koma tsohuwar tafiyarsu.

Ya nemi malaminsa na farko, ya tarar ya daɗe da rasuwa. Ya ci gaba da sana'arsa, don ba shi da wata. Amma daga ran nan, duk garin da aka kira shi, sai ya ajiye diga ya je ya zauna gaban dattawa. Su gaisa, su zauna suna jiran ya tambaya, shi kuwa bai san abin da zai tambaya ba. Uban nasa ya tsufa yana ganin haka, ba ya iya haɗa ido da shi.

To, Malam Tanimu, mutumin nan ba hannu ya rasa ba, ba kuma kayan aiki ba. Da tsakar rana ya sara wurin, idonsa biyu. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.