Hulunan Bara

Malam Badamasi mai ɗinkin hula ya faɗa shagon Alhaji Dalhatu a kasuwar Gwarzo yana fara'a, sabuwar hula a hannu.

"Alhaji, hannu ya dawo! Shekara guda yatsun nan suna sagewa, ko allura ba na ji. Ashe jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Likita a Kano ya ɗan tsaga nan, tsagar ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ya sassauta ta. A ranar na dawo gida."

Alhaji ya juya hular, ya kai ta haske, sai ya yamutsa fuska.

"Malam, anya ka warke kuwa? Wannan ko kusa ba ta kai na bara ba. Irin waɗancan nake so kafin Sallah, guda biyar."

Hulunan bara kuwa duk matarsa Badi'a ce ta ɗinka su a ɓoye, ita da kullum yake cewa ba ta iya riƙe allura ba.

Yana isa gida ya dafe wuyan hannu, ya marairaice.

"Badi'a, ciwon nan fa kamar zai dawo."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Guda nawa Alhajin ya ce?"