Igiyar Rama a Tsakiyar Tafki

Kai da kake jin kunyar tambaya wai don ka tara gemu, matso ka ji. Wasu manoma biyu ne maƙwabta, ruwan tafki ya cinye gonakinsu, aka ba su wasu a tsallake. Kowa ya sayi ɗan kwale-kwale mai zanen iska, irin wanda ake ɗinkawa da buhuna a rataya a jikin gora, igiyoyin rama na riƙe da gorar ta kowane gefe. Damina ta kawo jiki, dole kowa ya haye da buhun irinsa, kuma iyakar abin da ya rage masa ke nan. Ɗayansu ya lura da abin da ya ɗaure masa kai: masunta ba sa jan igiyoyin nan tamau, sai su bar su sako-sako. Lalaci ne? To, duk masuntan garin ne malalata? Abin ya hana shi sukuni, ya je ya durƙusa gaban wani tsohon masunci ya tambaya. Tsohon ya yi dariya, ya yanko igiya biyu tsawonsu ɗaya, ya tsoma guda a ruwa, ya ce ya dawo bayan la'asar. Da ya dawo, sai ga jiƙaƙƙiyar ta kumbura ta gajarce. "Ka bar wa ruwa rabonsa," in ji tsohon, "shi zai ƙarasa maka ɗaurin."

Da ya kai wa maƙwabcinsa labari, gogan naka ya ce shi da ya tsufa yana ɗaure wa jaki kaya ba mai koya masa ɗauri. Ya taka ƙafa ya ja igiyoyinsa har suna kuka kamar tsirkiyar baka. Suna tsakiyar tafki hadari ya haɗu, ruwa ya kece. Igiyoyin mai tambaya suka miƙe daidai wa daida. Na gogan kuwa suka yi ta tsukewa, gorar ta lanƙwashe ta karye, zanen ya faɗa ruwa ya karkatar da jirgin, buhun iri ya nutse. Allah ya sa da sauran kwana, maƙwabcinsa ya tsamo shi. Wallahi ya ba ni tausayi, don shekarar nan da ɗan irin da aka tsakura masa ya yi shuka, rabin gonarsa ciyawa ce ta ci. Shi ya sa Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.