Manomin da Ya Kasa Barin Buhu a Ɗaure

Tun da na zo nake ganin ka kasa zama, ɗana. Ka leƙa ɗakin hatsi ka fito, ka tsaya bakin ƙofa, ka sake komawa. Jawo tabarmar nan ka zauna in buga maka misali da wani mutum.

An yi wani manomin wake, mai ƙwazo ƙwarai, wanda ƙwari suka taɓa yi wa mummunar ɓarna. Ya noma ya tara, ya ajiye yana jiran bazara, da ya zo buɗewa sai ya tarar da gari da ɓawo. Tun daga ranar hankalinsa bai ƙara kwanciya da ajiya ba. Da kaka ta zagayo, sai ma'aikatar gona ta jiha ta turo malamin gona garinsu da wani irin buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. A ƙofar gidan mai unguwa ya nuna musu yadda ake yi: a shanya wake ya bushe ƙarau, a zuba, a matse iska ta fita, a ɗaure kowace leda ita kaɗai. Ƙwaron da ke ciki zai rasa numfashi ya mutu, ba tare da an ɗiga magani ko kaɗan ba. Ya ce musu sharaɗin guda ne, wanda ya ɗaure kada ya kwance sai ranar da zai ci ko zai sayar. Mutumin nan ya karɓi nasa, ya cika, ya ɗaure, ya jera a ɗaki. Amma zuciyarsa ba ta ɗauru tare da buhunan ba. Yana cikin cin tuwo zai ajiye loma ya je ya kanga kunne jikin buhu. Ya tafi gona sai ya juyo daga rabin hanya. Yakan ji kamar wani ƙis-ƙis a ciki, ya ce bari dai ya duba ɗaya. Sai ya kwance, ya cusa hannu har gwiwa, ya ɗebo ya baza a tafi, ya ga lafiya lau, ya mayar ya ɗaure sako-sako don gobe ma zai duba. Matarsa, wadda ta daɗe tana suyar ƙosai a ƙofar gida har mutane na zuwa daga wata unguwa saya, ta ce masa, "Malam, ka bar buhunan nan su huta, kai ma ka huta." Ya ce ita ba ta san zafin asara ba. Bai lura ba cewa duk buɗewar da yake yi, numfashi yake mayar wa ƙwarin da suka kusa mutuwa.

Wata rana da ya zaro hannu sai ga ƙwaro yana tafiya a kan damtsensa, da ransa. Malamin gona yana zagayowa duk ranar kasuwa, kuma ga lambar wayarsa ya bar musu, amma mutumin ya ga jira ɓata lokaci ne. Ya hau keke ya nufi bakin tasha, ya sami mai tallan maganin ƙwari, ya sayi wata kwalba da ba ta da suna ba ta da rubutu, irin wadda ake fesa wa sauro da kyankyaso. Ya dawo ya yayyafa a cikin waken. Washegari ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara. Bai gaya wa kowa ba. Ƙwari kam sun mutu, har ya fara samun barci. Ana nan sai waken matar ya ƙare, ta shiga ɗaki ta ɗebo daga buhun mijinta kamar yadda ta saba. Ta surfa ta wanke, ta kai niƙa, ta ɗora kasko. Attaruhu da albasa suka danne ɗan warin da ya rage. Kafin azahar unguwa ta rikice da amai da ciwon ciki, ana ta ɗaukar mutane a babur zuwa asibiti. Ita kanta matar, da ta ɗanɗana na farkon suya, a kwance aka fita da ita. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, sai dai wani dattijo maƙwabcinsu, da kullum da ƙosanta yake shan koko, hannunsa bai daina karkarwa ba har yau. Duba-gari suka zo tare da malamin gona, suka bi sawu har ɗakin ajiya. Aka fito da buhunan duka, aka haƙa rami a bayan gari aka binne, mutumin yana tsaye yana kallon noman shekara na shiga ƙasa. Malamin gonar bai yi masa faɗa ba. Ya dai dube shi ya ce, "Da ka kira ni ranar da ka ga ƙwaron, da shanyawa kawai za mu sake yi mu ɗaure."

Matar ta warke. Ta wanke kaskonta ta sake hura wuta a ƙofar gida, da waken da ta sayo a kasuwa. Mutanen da suka shekara suna layi a gabanta sai su gaishe ta daga nesa, su wuce. Ta yi ta fitowa, ƙosai na hucewa a faranti, har ta gaji ta kife kaskon a bayan ɗaki. Shi kuwa ko ya kai wake kasuwa, mai saye sai ya ɗiba ya shinshina, ya tambayi na wane ne, ya mayar.

To, ɗana, kai ma ka ɗaure naka yadda aka nuna maka, ka bar shi a ɗaure. In ka ga abin da ya tayar maka da hankali, ka nemi malamin gona kafin ka nemi kwalba. Magabata sun riga sun faɗa: garin neman gira, aka rasa ido.