Ragowar Ganuwa a Bayan Gonaki

Ina aji huɗu a garinmu Ketare, malaminmu ya ba ni hoton wata tsohuwar fada ta ƙasar Faransa, ginin dutse zalla. Na kai wa Baba, na ce, "Mu ba mu da irin wannan."

Bayan la'asar ya goya ni a keke har bayan gonaki, inda ragowar ganuwa take, tsayinta iya ƙirjina. Ya ɗora tafina a jikinta, na ji ɗumin rana.

Ya ce, "Kakannina suka ɗebo ƙasar nan a ka, don mu kwana lafiya."

Yanzu hanyar ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Jiya ɗiyata ta tambaye ni mece ce ganuwa, sai dai na kwatanta mata da baki.