Makaniken da Ya Yi wa Jikinsa Juyen Mai

Duk layin gareji, in mota ta gagara, wajen Injiniya ake tura ta. Bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Aibinsa ɗaya ne: gani yake duk abin da ke motsi a duniya inji ne, har da jikin ɗan Adam.

Bayan rasuwar mahaifiyarsa, ciwon damuwa ya kwantar da shi. Ya daina cin abinci, ya daina fita, sai ya wuni yana kallon bango. Da ƙyar matarsa ta lallaɓa shi zuwa asibiti, aka ɗora shi a kan magani. Maganin ya karɓe shi, ya koma gareji, dariyarsa ta dawo. Sai dai yana sa shi gyangyaɗi da rana tsaka, wani lokacin sifana na hannunsa barci zai sace shi. Da ya kai kuka, likita ta ce za ta canza masa wani.

"Amma ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Ba za ka yanke tsohon lokaci ɗaya ba, jikinka ya daɗe da sabawa da shi. Za mu riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, sabon yana shiga a hankali. In ka ji wani abu ya canza maka, ka kira ni."

"Na gane, likita," ya ce yana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa mai mota in ya zo yana koya masa gyara.

Washegari matarsa ta kawo masa ruwa da ƙwayoyin a tafin hannu.

"Baban yara, ga tsohon yadda ta ce a rage, ga kuma sabon."

"Ajiye su duka. Ke kin taɓa ganin an zuba sabon baƙin mai a kan tsoho? Sai an kwance, an tsiyaye tsohon tas, sannan a zuba sabo. Bari jikina ya tsiyaye tukuna, in ya so na fara sabon."

"To ai kai ba mota ba ne."

"Ke dai bar wa mai sana'a sana'arsa."

Ya ɗauki ragowar tsohon maganin ya juye a kwandon shara, ya saɓi jakar kayan aikinsa ya fice yana fito.

Da farko ya ji garau. Barcin rana ya tafi, har yana cika baki wai da shi ne likita da layin asibiti ya ragu. Ba a jima ba jiki ya fara magana. In ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi. In ya juya ido sai ya ji wani abu kamar tartsatsin lantarki ya ratsa masa kai. Ga tashin zuciya, ga gumi, ga karkarwar hannu. Wata safiya autarsu ta yar da cokali, ya daka mata tsawar da ta sa yarinyar ɓuya bayan uwarta. Shi kuma ya shige banɗaki ya yi ta kuka, bai san dalili ba.

Tsoro ya kama shi sosai, yana zaton ciwon ne ya dawo. Amma ya danne, ya ce wa kansa dattin ne ke fita.

"Don girman Allah ka kira likitar nan," in ji matarsa.

"In ce mata me? Na yi abin da ta hana?"

"To ka huta yau. Dubi yadda kake dafa bango."

"Motar mutane na jira na."

A gareji ya buɗe bonet, ya tayar da injin, ya sunkuya yana neman inda wata ƙara ke fitowa. Yana ɗago kai sai tartsatsin nan ya zo, garejin ya juya masa gaba ɗaya. Ya miƙa hannun dama don ya dafa wani abu. Abin da ya dafa fanbel ne, robar nan mai juya fankar inji, yana tsakar gudu. Kafin maƙwabcinsa mai walda ya rugo ya kashe motar, aikin gama ya gama. Babban yatsa da manuniya sun tafi.

Likitarsa ta same shi a gadon asibiti, hannu a naɗe. Bai iya haɗa ido da ita ba, ya dai faɗa mata gaskiya.

"Ba ciwonka ne ya dawo ba," ta ce, "kuma babu wani datti da ke fita. Jiki ne ke neman abin da aka ƙwace masa kwatsam. Da ka kira ni, abu ne mai sauƙin gyarawa."

Ta mayar da shi kan tsohon, ta sauko da shi mataki-mataki, sabon yana shiga. Jirin ya wuce, tartsatsin ya ɓace, gyangyaɗin ma bai dawo ba. Duk abin da ya nema tun farko ya samu, ta hanyar da ya raina.

Ranar da aka kwance bandejin, autar ta matso a hankali, ta riƙe hannun tana dubawa.

"Baba, yaushe za su sake tsirowa?"

Injiniya ya dubi gurbin yatsun nan biyu. Ya jawo ta jikinsa da hannun hagu.

Jama'a, maganin damuwa ba a yanke shi rana ɗaya, ba a kuma canza shi da dabarar kai. Kowanne da yadda ake sauka daga kansa, likita ne ya san hanyar. In jiki ya canza muku ana cikin haka, ku kira shi a ranar, ko da kun saɓa umarninsa. Shan kunya a gaban likita ba ya raba mutum da yatsa.